Tarbiyyar zaman intanet a makarantu: ma'anarta da yadda ake shigar da ita cikin tsarin makaranta

Tarbiyyar zaman intanet ita ce koya wa yaro yadda zai yi amfani da waya, kwamfuta da kafofin sada zumunta ba tare da ya cutu ko ya cutar da wani ba, yana kuma sane da haƙƙinsa da haƙƙin mutane da ke kansa. A takardun ma'aikatun ilimi na ƙasashen da ke aiki da Faransanci ana kiranta éducation à la citoyenneté numérique, wato ilimin zama ɗan ƙasa na gari a duniyar na'urori. Ta fi darasin kwamfuta faɗi. Darasin kwamfuta yana koya wa ɗalibi yadda zai buɗe na'ura ya rubuta takarda. Ita kuwa wannan tarbiyya tana koya masa abin da ya kamata ya yi idan aka turo masa hoton 'yar ajinsu da aka ɗauka ba da saninta ba.

Batun ya shafi Hausawan da ke zaune a Gana, Kamaru, Cadi, Benin, Togo da Kwaddibuwa ta wata fuska ta musamman. Yaron Nima a Accra ko na unguwar Briqueterie a Yawunde yana karatu da Ingilishi ko Faransanci, amma yawancin saƙonnin murya da bidiyon da ke shigowa wayar gidansu da Hausa suke zuwa, sau da yawa daga Kano, Kaduna, Maraɗi ko Damagaram. Malamin ajinsu ƙila ba ya jin harshen, dokar da za ta hau kansa idan ya yaɗa abin kuwa ta ƙasar da yake zaune ce.

Asalin tunanin

Wani malami ɗan Amurka, Mike Ribble, yana cikin waɗanda suka fara tsara batun domin makarantu. A littafin da suka wallafa da Gerald Bailey a 2007, sun kasa shi gida tara: samun damar shiga intanet, ciniki, sadarwa, ƙwarewa, ladabi, doka, haƙƙi da nauyi, lafiya, da tsaro. Majalisar Turai mai mazauni a Strasbourg ta fitar da nata tsarin mai fannoni 10, ta kuma ware shekarar 2025 domin wannan ilimi. A Faransa, ɗaliban ajin 3e da na terminale suna zana gwajin Pix, wanda ke auna ƙwarewarsu, har da kare bayanan sirri da tantance labari.

A 2021 kwamitin haƙƙin yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da sharhinsa mai lamba 25, inda ya bayyana cewa haƙƙoƙin da yarjejeniyar 1989 ta ba yaro suna aiki a intanet kamar yadda suke aiki a gida da kan titi. A Afirka, yarjejeniyar Malabo kan tsaron intanet da kare bayanan mutane, wadda Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2014, ta fara aiki a watan Yuni na 2023 bayan ƙasashe 15 sun tabbatar da ita.

Abin da ake koyarwa

Na farko shi ne tantance labari. Mutane da yawa suna tuna daren watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, da saƙo ya bazu a Najeriya cewa a tashi a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Wasu sun kwanta asibiti, wasu sun rasa rayukansu. Saƙon bai samu karɓuwa don hujja ba. Ya samu ne domin daga wayar yaya ko gwaggo ya fito. Shi ya sa ake koya wa ɗalibi tambayoyi huɗu kafin ya tura abu gaba: wa ya faɗa, yaushe, a ina, kuma wace kafa ce ta tabbatar? Ana nuna masa yadda ake neman asalin hoto, da aikin masu bin diddigin labarai irin su Dubawa, Africa Check, GhanaFact da FasoCheck. Ana kuma nuna masa alamar da WhatsApp ke sa wa saƙon da aka yi ta turawa, domin ya gane cewa yawan yawo bai sa labari ya zama gaskiya.

Na biyu, tsare kai da dukiya: kalmar sirri mai ƙarfi, rashin ba kowa lambar da aka turo ta saƙon waya, da gane dabarun 'yan damfara. A garuruwan da ake biyan kuɗin makaranta ta MoMo, Orange Money ko Airtel Money, yaro ne sau da yawa yake latsa wa mahaifiyarsa lambobin, don haka shi ne ƙofar farko da ɗan damfara zai ƙwanƙwasa. Gab da jarrabawar BEPC, BAC, BECE ko WASSCE kuma masu sayar da tambayoyin bogi sukan cika zaurukan ɗalibai.

Na uku, mutunci: zagi, tsangwama, yaɗa hoton wani ba da izininsa ba, da barazanar tona asiri domin a karɓi kuɗi ko a nemi lalata. A zango, inda kowa ya san gidan kowa, hoto ɗaya yana iya raba yarinya da makaranta, ya kuma bi ta har ranar da aka zo neman aurenta. Yawancin kafofin kamar Facebook da TikTok sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi, amma yara suna ƙara wa kansu shekaru cikin daƙiƙa guda.

Na huɗu, lafiya da lokaci: barci, ido, da cacar ƙwallo ta waya. Na biyar, amanar ilimi: yadda ake faɗin inda aka ɗauko bayani, da iyakar amfani da manhajojin da ke rubuta wa mutum amsa, irin su ChatGPT.

Me ya sa rabon na'ura kaɗai bai isa ba

Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a harkar ilimi ya kawo misalin Peru, inda aka raba kwamfutoci sama da miliyan ɗaya ba tare da an haɗa su da yadda ake koyarwa ba, karatun yara kuwa bai ƙaru ba. Rahoton ya ce a duniya kashi 40 cikin 100 na makarantun firamare ne kawai ke da intanet, kuma kashi 16 cikin 100 na ƙasashe ne dokarsu ta kare bayanan ɗalibai a fili. Ƙungiyar Human Rights Watch ta bincika manhajojin karatu 163 da gwamnatoci suka ba da shawarar amfani da su lokacin korona, ta gano kashi 89 cikin 100 suna iya bibiyar yara da tattara bayanansu.

Yankinmu ma ya ga irin wannan rabo. Kamaru ta sanar a 2016 da shirin ba ɗaliban jami'a kwamfutoci 500,000. Gana ta ƙaddamar a watan Maris na 2024 da shirin raba allunan hannu ga ɗaliban babbar sakandare kimanin miliyan 1.3. Shirin Giga na UNICEF da hukumar sadarwa ta duniya ITU, wanda aka kafa a 2019 da niyyar haɗa kowace makaranta da intanet, ya sa Nijar cikin ƙasashen da ya fara aiki da su. Duk inda na'ura ta riga tsari isowa, shugaban makaranta yakan zaɓi ɗaya daga cikin biyu: ya kulle kayan a ofis don tsoron a sace ko a lalata, ko ya sake su ba mai lura. Duka biyun asara ce.

Shigar da ita cikin tsarin shekara

Kowace makarantar gwamnati tana da takardar da take tsara aikinta da kuɗinta. A Gana ana kiranta SPIP, kuma da ita ake kashe kuɗin tallafin da gwamnati ke bayarwa bisa yawan ɗalibai. A ƙasashen Faransanci ana cewa projet d'école ko projet d'établissement, ana kuma tattauna ta da ƙungiyar iyaye: APEE a Kamaru, APE a Cadi da Benin, kwamitin COGES a Nijar. Abin da bai shiga wannan takarda ba, ba shi da kuɗi, ba shi da lokaci, ba kuma wanda za a tambaya a kansa. Matakan da aka saba bi su ne:

1. Ƙidaya. A farkon shekara a tambayi ɗalibai, ba tare da rubuta suna ba, wa ke da waya, wa ke aron ta gida, waɗanne manhajoji suke shiga, da irin matsalar da suka taɓa gamuwa da ita. A ƙidaya na'urorin makaranta, masu aiki da matattu.

2. Mai alhaki. A naɗa malami ɗaya da mataimakiya mace, domin yarinyar da aka tsangwama da wuya ta kai kukanta wurin namiji. A rage musu wasu awannin aji. Aikin da aka ɗora a kan cikakken jadawali ba ya wuce zangon farko.

3. Ƙa'ida rubutacciya. Shafi ɗaya ko biyu, a haɗa da dokokin cikin gida na makaranta: yaushe ake taɓa waya, me aka hana ɗauka a hoto, wane hukunci, kuma wa ake kai wa ƙara. Ƙa'idar ta hau kan malamai ma. Malami ba ya tura wa ɗaliba saƙo ita kaɗai da dare, ba ya kuma sa hoton yara ko makinsu a shafinsa.

4. Rarraba darussa. Ba sai an ƙirƙiro sabon fanni ba. Malamin harshe ya ɗauki tantance labari, na lissafi ya nuna yadda ake ruɗin mutane da alƙaluma da yadda caca ke cin mai yinta, na tarbiyyar ɗan ƙasa ya ɗauki doka, na kimiyya ya ɗauki barci da lafiyar ido. Manhajar Gana ta 2019 ta riga ta sa ƙwarewar na'ura cikin manyan ƙwarewa shida da ake son kowane fanni ya gina, don haka malami a can yana da madogara.

5. Kuɗi. A ware layi na kuɗin data, gyara, batir da horon malamai. Kuskuren da aka fi yi shi ne lissafa kuɗin saye kaɗai, a manta na riƙo.

6. Bita. A ƙarshen kowane zango kwamiti ya duba abin da aka yi. Ranar tsaron intanet ta duniya, wadda ake yi a wata Talata cikin Fabrairu, tana da amfani wajen tara iyaye, amma biki na yini ɗaya ba ya maye gurbin aikin shekara.

Kayan aiki: abin da za a duba kafin a saya

Wuta ce farko. Kwamfutar tafi-da-gidanka da allon hannu suna shan wuta ƙasa sosai da kwamfutar tebur, kuma suna ci gaba da aiki idan an ɗauke, don haka sun fi dacewa da makarantar da ke dogara da sola. A Marwa, Garwa ko Njamena, inda zafi ke haura digiri 40 a bazara, ƙurar hunturu kuma ke toshe na'ura, ɗaki mai iska da mayafin rufe kaya suna ƙara wa na'ura shekaru.

Sai rarraba hanyar sadarwa. Na'urar wifi ta makaranta ta kasance da hanyoyi daban: ɗaya ta ofis inda makin ɗalibai da takardun kuɗi suke, ɗaya ta ɗalibai. A sauya kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita daga kanti tun ranar farko, domin irin waɗannan kalmomi kowa na iya samunsu a intanet.

Kowane malami ya sami nasa asusu, kowane aji ma haka, kuma ɗalibi kada ya sami ikon saka manhaja. Idan duk makaranta kalmar sirri ɗaya take amfani da ita, ranar da aka sauya maki ko aka buɗe abin da bai dace ba, ba yadda za a san wanda ya yi. Ɗalibi kuma ya koyi fita daga asusunsa kafin ya tashi. Ɗabi'ar da zai buƙata ke nan a shagon intanet da wayar aro.

Matattarar shafuka tana toshe batsa da caca a kan hanyar makaranta, kuma akwai masu yin wannan aiki kyauta. Sai dai tana da iyaka: ba ta ganin abin da ke cikin WhatsApp, ba ta aiki a kan datar wayar ɗalibi, kuma ba ta gane zagi ko tunzuri da aka yi da Hausa, balle cikin saƙon murya. Shi ya sa ake jera kwamfutoci fuskarsu na kallon tsakiyar ɗaki, inda malami zai ga kowane allo.

Bayanan ɗalibai amana ce. A tattara abin da ake buƙata kawai, a ajiye kwafi a wuri na biyu, a goge na'ura tas kafin a sayar ko a kyautar. Kafin a sa yara cikin wata manhaja, a tambayi kamfanin: wane bayani kuke ɗauka, a wace ƙasa kuke ajiyewa, wa kuke ba, kuma yaya ake gogewa? Sakamakon jarrabawa da sunayen waɗanda ba su biya kuɗi ba, ba abin zubawa a zauren iyaye ba ne.

A ƙarshe, a yi tanadin ranar da ba intanet. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku da dama sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sadarwa ta tsaya cak ko ta yi rauni a Kwaddibuwa, Gana, Benin da wasu ƙasashe. Cadi ta toshe kafofin sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, Kamaru kuma ta yanke intanet a yankuna biyu masu amfani da Ingilishi na kusan wata uku a farkon 2017. Manhajoji irin su Kiwix, mai ɗauke da Wikipedia har da ta Hausa, da Kolibri, suna aiki daga ƙaramar na'ura a cikin makaranta ba tare da data ba. Darasin tantance labari ma ana iya yinsa da hoto biyu da aka buga a takarda.

Waya a aji: hani ko izini?

Faransa ta hana waya a firamare da ƙaramar sakandare da dokar 2018. A Gana an daɗe da hana ɗaliban sakandare riƙe ta a makaranta. Lokacin rahoton UNESCO na 2023, ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasashe ne ke da irin wannan hani, adadin kuma ya ƙaru tun daga nan. Ostireliya ta wuce nan, ta yi doka a 2024 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi a manyan kafofin sada zumunta. Masu goyon bayan hani suna cewa yana dawo da hankalin yara kan allo, yana kuma rage ɗaukar hoto a ɓoye. Masu suka suna cewa a makarantar da ba ta da ɗakin karatu, wayar ce kaɗai ƙamus. Ko wanne aka zaɓa, yaron zai koma gida ya tarar da wayar tana jiransa, don haka hani bai ɗauke wa makaranta nauyin koyarwa ba.

Dokokin da ya kamata makaranta ta sani

Gana: dokar kare bayanai ta 2012 da dokar tsaron intanet ta 2020, wadda ta tanadi hukunci mai tsanani kan hotunan tsiraicin yara, yaudararsu da yi musu barazana. Ana kai rahoto ga hukumar tsaron intanet ta lamba 292.

Kamaru: dokar 2010 kan laifukan intanet, da dokar 25 ga Yuli 2023 ta kare yara a intanet. Hukumar ANTIC ce ke kula da tsaron na'urori.

Cadi: dokoki kan tsaron intanet da kare bayanai, ƙarƙashin hukumar ANSICE.

Benin: kundin Code du numérique, da hukumar kare bayanai APDP.

Kwaddibuwa: rundunar PLCC mai karɓar ƙarar damfara da barazana, da lamba 116 ta yaran da ke cikin matsala.

Nijar: dokar kare bayanai ta 2022 da ta laifukan intanet ta 2019. Najeriya: dokar laifukan intanet ta 2015 da ta kare bayanai ta 2023.

A yawancin waɗannan ƙasashe, wanda ya tura abu gaba yana iya shiga hannu kamar wanda ya ƙirƙira shi. Cewa "turo mini aka yi" ba ta wanke mutum a gaban alƙali.

Iyaye, harshe da makarantun Islamiyya

Takardar ƙa'ida da aka rubuta da Faransanci aka ba yaro ya kai gida, sau da yawa shi ne zai karanta ta, shi ne kuma zai fassara wa mahaifinsa yadda ya ga dama. Makarantar da ke da 'ya'yan Hausawa da yawa ta fi cin riba idan ta naɗi ƙa'idar a saƙon murya na minti biyu ko uku da Hausa, da Fulatanci ko Larabcin Cadi inda ake buƙata, ta tura wa iyaye. Taron iyaye a sa shi lokacin da mata za su iya zuwa, domin wayar uwa ce yara suka fi ara.

Sarkin zango, limamai da malaman Islamiyya suna da murya a inda ta shugaban makaranta ba ta kai. Abin da ake koyarwa kuwa ba baƙo ba ne a wurinsu: bincike kafin yaɗa labari, hanin gulma da annamimanci, rufin asiri da riƙon amana duk suna cikin karatun da yaran ke yi da yamma. Abin da ya rage shi ne a nuna musu cewa latsa alamar turawa ma magana ce.

Idan matsala ta faru

Tsari mai kyau yana faɗin abin da za a yi tun kafin ranar ta zo. A saurari yaron a keɓe, kada a fara da faɗa ko duka, domin tsoron ƙwace waya shi ne babban abin da ke sa yara yin shiru. A adana shaida ta hanyar rubuta lambar da ta turo saƙon, rana da lokaci. Idan hoton tsiraicin yaro ne, malami kada ya kwafe shi zuwa wayarsa ko ya tura wa kowa, ko da shugabansa ne, domin riƙe shi kansa laifi ne. A kashe wayar a miƙa wa hukuma. Kada a biya mai barazana, domin wanda aka biya sau ɗaya yakan dawo. A sanar da iyaye ta hanyar da ba za ta jefa yaron cikin wani haɗarin ba, a kai rahoto ga kafar da aka sa abin domin ta cire shi, a kuma tabbatar wanda aka zalunta bai bar makaranta ba.

Yadda ake gane ana ci gaba

Yawan kwamfutoci ba shi ne ma'auni ba. A duba malamai nawa aka horar, azuzuwa nawa suka yi darussan da aka tsara, na'urori nawa ke aiki a ƙarshen shekara, da kwana nawa ake ɗauka kafin a amsa ƙorafi. A shekarar farko ƙorafi yakan ƙaru, kuma wannan ba abin tsoro ba ne: alama ce yara sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Gwaji mafi sauƙi shi ne mai duba makarantu ko shugaban ƙungiyar iyaye ya tsayar da ɗalibai biyar a farfajiya ya tambaye su: idan wani ya yi maka barazana da hotonka, wa za ka gaya wa a makarantar nan? Idan duk biyar suka faɗi suna, tsarin ya fita daga takarda ya shiga aji.